Hukuncin da na Yanke a Tsibirin Kurna

Abubuwa da yawa na zaman makaranta sun shige min, har sunayen wasu da muka kwana ɗaki ɗaya da su sai na yi ta lalube. Amma ranar da na zauna a matsayin alƙaliyar wata ƙasa da ba ta ko a taswira, na sauke aminiyata daga mulki, wannan kam ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah.

Muna aji biyar a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Gumel aka kawo mana sabon malamin darasin Gwamnati. Da ya ga haddar tsarin mulki muke yi ba tare da mun san me muke faɗa ba, sai wata rana ya rufe littafi ya ce mu ƙirƙiro ƙasarmu. Sharaɗinsa ɗaya ne: ta zama tsibiri a tsakiyar teku, don kada mu ce za mu leƙa maƙwabta mu kwaikwaya. A cikinmu babu wadda ta taɓa ganin teku. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kududdufin bayan garinmu a Gagarawa idan damina ta yi kyau. Duk da haka muka karɓi aikin da zumuɗi, muka sa wa ƙasar suna Tsibirin Kurna, saboda a ƙarƙashin wata kurna da ke bayan ajinmu muke zama bayan la'asar.

Muka raba tsibirin gunduma huɗu, muka ba su sunayen inda muka fito: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Kowace gunduma ta tura wakilanta majalisa adadi ɗaya da sauran, ba a duba yawan mutanenta ba, don 'yan Gumel sun fi yawa kuma sauran sun ce ba za su yarda a danne su ba. Shugabar ƙasa kowa ke zaɓenta, zango ɗaya take yi, ba ta maimaitawa. Alƙaliya kuwa majalisa ke naɗa ta, shugaba ba ta da ikon cire ta, kuma ba ta shiga muhawara. Gyaran tsarin mulki sai da yardar kashi biyu cikin uku na majalisa. Mun ɓata yamma guda muna gardama a kan ko za mu yi sojoji, aka ƙare a kan ba ma buƙata tunda ruwa ya kewaye mu.

Kada mai karatu ya ɗauka wasa ne kawai. Malam ya roƙi shugabar makaranta aka bar wa gwamnatin tsibiri al'amuran ajinmu na gaske. Ita ke tsara layin ɗiban ruwa a famfo, ita ke raba shara, ita ke sasanta rigima. Shugabar tsibiri ce kuma za ta yi jawabi a gaban iyaye ranar bikin ƙarshen shekara. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san layin ruwa ba ƙaramin mulki ba ne.

Ana cikin rubuta dokokin ne wata ta ce, “To idan wani ya zo a jirgin ruwa ya ƙwace mana ƙasa fa?” Muka yi dariya, muka ƙara sashe ɗaya: ba mai zama shugabar tsibiri sai wadda uwarta da ubanta duka 'yan ɗaya daga gundumomin nan huɗu ne. Kowa ya ɗaga hannu, har da aminiyata da ke zaune kusa da ni tana cin kurna. Ko minti biyar ba a yi a kan sashen ba.

Aminiyar tawa 'yar Maigatari ce. Tun aji ɗaya gadonmu ke jere, kwanonmu ɗaya. Yarinya ce mai tsari, ba ta da hayaniya, idan ta ce za ta yi abu ta gama yin sa. Wani lokaci bakinta kan suɓuce ta ce lakwal maimakon makaranta, mu yi ta tsokanarta, ita ma ta yi dariya. Na san mahaifinta daga Damagaram ya tsallako iyaka tun yana saurayi, ya zauna yana cinikin dabbobi a kasuwar Maigatari, ya auri 'yar garin. Ba ɓoyayyen abu ba ne, kawai ba wanda ya taɓa ɗaukar sa wani abu.

Majalisa ta naɗa ni alƙaliya, wai don ba ni da yawan magana. Aka yi zaɓe tsakanin aminiyata da wata 'yar Gumel mai kaifin baki, aminiyata ta yi nasara da rata mai faɗi. A makonta na farko faɗan famfo ya tsaya, don ta raba lokaci gunduma-gunduma, ta sa kanta a ƙarshen layi.

Sai wadda ta faɗi zaɓe ta kawo ƙara. Ta ce shugaba ba ta cika sharaɗi ba, mahaifinta ba ɗan tsibiri ba ne.

Na karanta sashen sau ba adadi ina neman kafa, ban samu ba. Na bi Malam har ƙofar ofishin malamai na ce, “Malam, don Allah ka soke ƙarar nan. Ai don baƙin jirgin ruwa muka sa dokar, ba don ita ba.”

Ya ce, “Haka kuka rubuta a ciki?”

Na ce a'a.

Ya ce, “Ni ba ɗan tsibirinku ba ne, ba ni da ta cewa. Idan na sa baki yau, kun koyi cewa duk sanda doka ta yi ɗaci sai a kira wani babba ya ture ta. Ki je ki yi aikinki.” A lokacin haushinsa na ji sosai. Sai da na girma na gane shi ma abin ya dame shi, don har na juya yana tsaye a wurin.

Ranar shari'a har 'yan wasu azuzuwan suka cika gindin kurna. Aka ajiye min benci. Mai ƙara ta karanta sashen da ƙarfi, ta zauna. Na dubi aminiyata na ce, “Shugaba, a ina aka haifi mahaifinki?” Muryata ma ban gane ta ba.

Ta ce, “Kin sani ai. Kin sha cin tuwo a gidanmu.”

Na ce, “Kotu ce ke tambaya.”

Ta miƙe tsaye ta ce, “A Damagaram aka haife shi. Ni kuwa a Maigatari aka yanke min cibiya. Idan mun je can gaisuwa, 'yan Najeriya suke ce mana. A nan kuma yau kun ce ba 'yar nan ba ce ni. Ƙasar da muka ƙirƙira da bakinmu ma ba ni da wuri a cikinta. To ku gaya min, ni 'yar ina ce?”

Na duƙar da kai na ce bisa sashen da aka karanta zaɓenta bai inganta ba, kujera ta koma ga wadda ta zo ta biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki bokitinta ta nufi famfo, ta shiga layi kamar kowa. Da muka koma ɗaki na tarar ta musanya gado da wata.

Washegari na ajiye alƙalanci, domin alƙaliya ba ta da damar kai buƙata majalisa. Na rubuta buƙatar a gyara sashen ya zama duk wadda aka haifa a tsibiri ko ta tashi a cikinsa tana iya shugabanci. Na ɗauka nan take za a amince. Ashe ba haka ba ne. Wakilan Gumel suka ga gyaran zai iya raba su da kujera, suka ja wasu daga Sule Tankarkar, aka kasa samun kashi biyu cikin uku. Ƙa'idar da muka yi alfahari da ita don kare tsarin mulki, ita ce ta tsare kuskurenmu.

Haka muka yi makonni. Sabuwar shugaba ba ta yi mugun mulki ba, gaskiya, amma 'yan Maigatari sun daina zuwa gindin kurna, wasu da ke da dangi a tsallaken iyaka suka bi su, kuma ashe suna da yawa. Wata ta ce kakarta ce 'yar can, wata ta ce mahaifiyarta. Majalisa ta koma ba ta cika. Ana saura kaɗan a fara jarrabawa, shugabar da kanta ta sake kawo buƙatata. Ta ce, “Na karanta doka ne don in ci, kuma na ci. Amma rabin ƙasar ya tafi, wa nake mulka?” Aka kirawo wakilan da suka ƙaurace, a ranar gyaran ya wuce.

Ba a sake zaɓe ba, jarrabawa ta cinye lokacin. Ita 'yar Gumel ɗin ce ta yi jawabi a gaban iyaye, mahaifin aminiyata yana cikin masu tafi, bai san komai ba. Aminiyata ba ta taɓa komawa kujerar ba.

A tasha muka yi magana ranar hutu, ina jiran motar Gagarawa ta cika, ita tana jiran ta Maigatari. Ta zo ta ajiye akwatinta kusa da nawa ta zauna a kai. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce, “Ban ce kin yi daidai ba, ban kuma ce kin yi laifi ba. Ni ma na ɗaga hannu ranar. Na dai gaji da fushi.” Muka sayi rake muka raba. Har yau muna zumunci, 'ya'yanta Umma suke ce min, amma ko sau ɗaya ba mu sake tayar da maganar ba.

Yanzu ina cikin masu tsara ƙa'idojin wata ƙungiyar mata manoma a garinmu, kuma an san ni da jan zama. Duk sashen da aka kawo sai na sa an sake karanta shi a hankali, ina duban fuskokin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar a kan wa zai faɗa. Abin da na koya ke nan: lokacin tausayi a doka shi ne lokacin da ake rubuta ta. Idan ta riga ta hau takarda, ba baƙon da kuka ji tsoro za ta fara kamawa ba, wanda ke zaune kusa da kai za ta kama.