Mesar Malam Mahaman Ta Haihu Ranar Suna

Malam Mahaman Harouna mutumin Gaya ne ta Nijar, direba a wani ofishin jakadanci a Manhattan, can Amurka. Shekara goma sha ɗaya ya yi a hawa na biyar na wani dogon gini a Morris Heights, shi kaɗai, iyalinsa na can gida. Maƙwabta sun san ba ya fashin jam'i, sun kuma san bai taɓa ce wa kowa "bismillah, shigo" ba. Ana ɗauka rowa ce. Ashe mesa yake kiwo.

Ubansa gardi ne, cikin macizai ya tashi. A 1989 Mahaman ya sayi biyu a shagon dabbobi, irin na Kudancin Amurka da ake kira bowa. Macen ya sa mata suna Uwargida. Da cikinta ya fara kumbura sai ya yi yadda ubansa ke yi: ya zuba mata yashi mai laima a kwando don ƙwai. Mesar da ya sani ƙwai take yi, ta naɗe a kai kusan wata biyu. Yana ganin da sauran lokaci kafin ya toshe ramukan iskan murfin akwatin da take ciki, waɗanda babban yatsa ke shiga.

Wata Asabar cikin Afrilun 1993, da hantsi, ya dawo daga wanki ya tarar ba ƙwai ko ɗaya. 'Ya'ya ne rayayyu, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba, jiƙe sharkaf, wasu cikin tantanin da suka fito da shi, wasu har sun hau murfi. Yana tsince su yana zubawa a bokiti sai idonsa ya kai kusurwar ɗaki, inda bututun ɗumama gida ya huda daɓe ya sauka ƙasa. Wata 'yar wutsiya ta sulale ta gefen bututun, ta ɓace.

Ya cusa tsumma a ramin, ya ƙirga. Tantani goma sha tara, macizai goma sha takwas.

Ƙasan ɗakinsa gidan Mma Safiatu ne, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi, kuma yau ake sunan jikarta. Ta cikin daɓen yana jin guɗa. Ɗan mesa ba shi da dafi, Mahaman ya sani. Amma ya san mata arba'in a ƙuntataccen falo, ƙofa ɗaya, matakala hawa huɗu, ga masu goyo, ga tsofaffi. Mace ɗaya ta ce "maciji", sai an tattake wani. In kuma ya yi magana, asirinsa ya tonu.

Ya sauka.

"Lale! Yau gwauron sama ya sauko," in ji wata a bakin ƙofa. "Ƙamshin wake da shinkafa ne ya jawo ka, ko mata?"

Ya yi yaƙe, ya roƙa a kira masa Mma. Ta fito tana goge hannu da gefen zane. Ya raɗa mata. Ba ta yi ihu ba, kallonsa kawai ta yi.

"Maciji. A kan kaina. Tun yaushe?"

"Shekara huɗu, Mma."

"Bututun nan ɗakin mai jego ya sauka, Malam. Jaririyar na kan gado."

Ta juya ta tafa hannu, ta kira mai jegon. "Rafia, ɗauko 'yarki ki fito falo! Kowa ta fito, malam ya zo tofa addu'a a ɗaki, ba a son idon mata."

Suka fito suna gunaguni. Shi da Mma suka shiga, ta jingina da ƙofa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, babu. Bayan akwatuna, babu. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Jikin bututun an jibge atamfofin barka, ya shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Rafia na ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mma, addu'ar ba ta ƙare ba? Shawul ɗinta nake so."

"Ki jira!"

Shawul ɗin na gefen gado, ɓangaren bututu, da sauran ɗumin jaririyar a jiki. Ya buɗe ninkin farko. Ga shi nan a naɗe kamar awarwaro. Ya kai hannu, ɗan abin ya cije shi a yatsa, jini ya tsattsafo. Ya tura shi cikin hannun rigarsa, ya damƙe bakin.

Mma ta ɗauki shawul ɗin da yatsu biyu ta jefa bayan gado.

"Ba zan faɗa wa kowa ba," ta ce. "Amma Juma'a zan hau da ƙafata in duba. In na ga ko saɓa ce, limamin masallaci zai ji, mai gini zai ji."

Ya ratsa falon mata na ce masa Allah ya saka, abin na motsi a damtsensa. Ranar Laraba ya ɗauki hutu a ofis, ya kai su duka shagon dabbobi cikin rigunan matashin kai. Uwargida ce ta ƙarshe. Sau biyu mai shagon na miƙo hannu kafin Mahaman ya sake ta.