Manjo Isufu da Birkin Motata

Ina durƙushe a ƙofar gida da hantsin Asabar, motata na bisa kirik, ƙarfen ɗaga mota, ƙafarta ta gaba na ƙasa, lokacin da mai ɗakina ta fito ba mayafi ta tsaya a kaina. Maƙwabcina nake jira, domin mun yi alkawari tun Alhamis zai zo mu gyara birki. Ta kira ni da laƙabin da ake ba ƴan boko a nan, ta ce, “Mushe, aje kilen kwance tayan nan. Manjo Isufu ya cika.” Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Marigayin maƙwabcina ne a unguwar Birni. Ya yi aikin jinya a gidajen likita na karkara har ya zama manjo, wato babban ma'aikacin jinya, kafin ya ajiye aiki. Bai san gyaran mota ba, bai kuma taɓa nuna ya sani ba. Ni ma a ƴan ƙananan littattafai na koya, saboda ba na samun natsuwa idan ban ga abin da aka sa mini da idona ba. Duk sa'ad da birki ya fara ƙara, na gane falaket, wato takalman birki, sun cinye, shi nake aikawa a kira. Zai zo da kujerarsa, ya riƙe littafin, ya riƙa karanta mini ina kwancewa. Shi ya hana ni dogara ga kirik kaɗai. Ya ɗauko tsohon turmin gidansa ya cusa ƙarƙashin motar, ya ce, “Na sha ɗinke hannun waɗanda suka amince wa wannan ƙarfen.”

Yakan yi mini ba'a idan na koma kan ƙusar da na riga na ɗaure. “Mushe Habu, ƙyale ta haka, ba ta ci maka bashi ba!” Amma idan aiki ya ƙare, ba ya barin iyalina su shiga. Shi yake fara zama kusa da ni, mu zagaya unguwa ina taka birki. Na taɓa ce masa idan na yi kuskure fa? Ya ce, “Ni ban san ƙarfe ba, amma na san ka. Ja mu je.”

Ya bar wasiyya a rufe shi a Durum, kusa da mahaifinsa. Aka sami motar da za ta ɗauki gawa, aka ce ni zan kai ƴaƴansa mata da ƙanwarsa kafin la'asar. Ban iya cewa a'a ba, ban kuma iya cewa birkin a kwance yake ba.

Na koma na durƙusa. Na tura fiston ɗin birki ciki, na zare tsofaffin falaket da suka koma kamar ɓawon gyaɗa, na sa sababbi. Da na taka birki ya nutse har ƙasa, sai na sauka na sake duba aikin, alhali na san haka yake yi kafin a matsa shi sau da yawa ya yi tauri. Na zagaya unguwa ni kaɗai. Motar tana tsayawa, amma zuciyata ba ta yarda ba.

Babbar ƴarsa Rabi ta buɗe ƙofar gaba, ta dubi baƙin man da ke hannuna.

“Baba Mushe, yau ka canza?”

Na ce, “Yau. Kuma ba wanda ya duba mini. Gara ki sani.”

Ta juya ta ce wa ƴan'uwanta, “Ku shiga.”

A hankali muka tafi, ƙafata ba ta yi nisa da birki ba, ina sauraron kowace ƙara. A ƙofar gidansu na Durum na taka, motar ta tsaya. Sai da suka sauka duka sannan na kifa kaina bisa sitiyari na yi kukan da ban samu yi ba tun safe.

Allah Ka jiƙan bawanKa Isufu, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa jinyar da ya yi wa bayinKa ta tsaya masa. Ka ba matarsa Hajiya Zara da Rabi da ƙannenta haƙurin wannan rashi, Ka tsare su a kan kowace hanya. Mu kuma, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.