Sunana a Bakin Baba

Ni 'yar fari ce, saboda haka a gidanmu ba ni da suna. Inna "yarinyar nan" take ce mini, Baba kuma "waccan". Kunya ce, kuma har garin Daudawa ana yabonsu da ita.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa ya sayi rediyo, aka zuba kwalta ta bi ta Mairuwa zuwa Funtuwa. Kwaltar ba ta san da ƙauyenmu ba. Mijina ya tafi Kaduna leburancin gini, ni kuma na dawo gida goyon ciki.

Naƙuda ta kama ni ina tankaɗe. Sai da na gama tankaɗen, don mai haihuwar fari ba ta nuna ciwo. Inna ta gani ta ɗauke kai, don uwa ba ta rawar jiki a kan 'yar fari. Baba yana zaure yana tufkar igiya. Ba a gaya masa, shi kuma ba ya tambaya. Haka muka wuni muka kwana, kowa riƙe da mutuncinsa, yaro kuwa ya kwanta a gicciye. Ungozoma ta yi ta ɗura mini jiƙo.

Gwaggo, ƙanwar Baba, aron rariya ya kawo ta. Ta leƙa ɗaki, ta wuce zaure.

"Yaya, ɗiyarka mutuwa za ta yi."

"Mijinta bai ce a kai ta asibiti ba."

"To, a aika mashi ya taho jana'iza."

Baba ya ajiye igiyar, ya ɗaura wa shanu amalanke, aka ɗora ni, Gwaggo ta hau kusa da ni.

Hanyar zuwa bakin kwalta duk kwazazzabo ce. Baba yana tafe a gefe, idonsa a kan dawar mutane. Can na fara jin muryoyi suna nisa. Gwaggo ta ce wa Baba ai na daina motsi. Sai na ji an kira sunana da ƙarfi, a gaban masu noma. Baba ne. Bakinsa bai ma saba da shi ba. Na buɗe ido don mamaki.

Motar kaya ce ta ƙarasa da mu Funtuwa. Aka ciro yaron, namiji, babu rai. Malamar asibiti ta ce da jiya muka zo, da ya rayu.

Na daɗe ina jin haushinsu, har da kaina, mai tankaɗe. Da muka koma gida na sake zama "waccan", har Baba ya rasu.

Yaron nan ɗan farina ne. Da ya rayu, ni ma ba zan faɗi sunansa ba. An hutar da ni, ba a raɗa masa suna ba.