Jemar Yaya Bukar

Shekara bakwai ke nan da muka kai wana, Yaya Bukar, makwancinsa a Gashuwa. Allah Ya rufa masa asiri, bai ga abin da aka yi wa gangaren bayan gidansa ba.

Gangaren nan marmara ce da tsakuwa, ya zube har bakin kogi, akuya ma sai ta yi shawara kafin ta hau. Yaya ya jera duwatsu a gicciye, layi bisa layi, ya dasa ciyawar jema a bayan kowane layi, tsakani kuma ya bar ciyawar ƙiri-ƙiri ta yaɗu ta rufe ƙasa. Daga fadamar Dagona ya riƙa ɗauko jemar a bayan keke. Ruwan sama in ya gangaro, sai ya huta a kowane mataki.

Bayan rasuwarsa, babban ɗansa Modu ya zo daga Nguru da digiri da takalmi mai tsini. Sau ɗaya ya leƙa gangaren, ya yatsine fuska.

"Baffa, wannan ai daji ne, maɓoyar macizai," in ji shi.

Ya sa aka tumɓuke jemar, aka kwashe duwatsun, aka dasa furanni a layi daga sama zuwa ƙasa, wai don su yi kyau a hoto. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya shata wa ruwa hanya da hannunsa. Damina uku ta cinye furannin da katangar baya, ta bar kwazazzabo. Yau taku huɗu ne tsakanin kwazazzabon da ɗakin mahaifiyarsa, Ya Falmata, tsohuwar da ba ta da wani wurin zuwa. Shi kuwa gwanin yana Nguru, yana bugo waya yana cewa sauyin yanayi ne. Raini nake ji, ba na ɓoyewa.

Da Yaya zai dawo, ba zai yi faɗa ba. Tsaki zai yi, ya tambayi inda aka ajiye fartanyarsa.

Layin jema ɗaya ya tsira, na gindin ɗakin. Ranar tumɓuka Ya Falmata ta zauna a kansa, ta ce saiwar jemar take jefawa a randa don ƙamshi. Modu ya yi wa ƙauyancinta dariya, ya ƙyale ta. Zaizayar ruwan bana a nan ta zo ta tsaya.

Jiya na tsagi jema daga layin, na fara dasa na biyu, gwiwoyina suna ƙara. Allah Ya jiƙan Yaya. Hoton digirin Modu yana nan rataye a bangon ɗakin uwarsa, bangon kuma ciyawar ubansa ce take riƙe da shi.