Gwiwar Baba Iortyer da Bishiyar Mangwaro

Duk mai sayen doya a hanyar Obi ya san Baba Iortyer. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma tun yana saurayi kunyar doyarsa ta fi ta kowa tsayi. Shekarar da wayar hannu ta iso ƙauyensu ya faɗo daga mashin, aka yi masa aiki a gwiwa a Lafiya.

Da aka sallame shi, Likita Lawal ya ce, "Baba, kada ka riƙa wahalar da ƙafar nan a mota. Duk Litinin ka bugo mini waya kawai."

Matarsa Mnena kuwa ta ɓoye garmarsa, ta rantse ba zai gan ta ba sai likita ya ce ya warke. Ga lokacin yin kunya ya zo, maƙwabta har sun yi nisa.

Kowace Litinin maganar ɗaya ce. Likita zai tambaya ko yana iya hawa matakala, Baba kuma mutum ne mai gaskiya, gidansa babu matakala, sai ya ce a'a.

"To a ƙara hutawa, Baba."

Baba ya roƙi a bar shi ya zo a taɓa gwiwar da hannu, a cewarsa waya ba ta da ido. Likita ya ce babu buƙata.

Abin da likita bai sani ba, duk ƙauyen babu sabis sai a saman mangwaron bayan coci. Can Baba ke jingine sandarsa a gindi ya haye.

Wata Litinin suna cikin magana Mnena ta ɗaga murya daga ƙasa: "Baban Sewuese, tunda kana can, karkaɗo mana na reshen sama!"

"Wane reshe kuma?" in ji likita. "Baba, kana ina?"

"Kan mangwaro, Likita."

"Wa ya ɗora ka?"

"Wa zai ɗora ni? Ni yaro ne?"

Likita ya yi shiru har Baba ya hau wani reshen, ya zaci sabis ne ya ɗauke.

"Baba, ka sauko a hankali, ka ba Mama wayar."

"In na sauko ba za ta ji ka ba."

Haka Mnena ta ɗaure zani ta hau da kanta, tana masifa reshe bayan reshe. Da yamma aka fito da garma daga ƙarƙashin gadonta. Kunyar Baba ta makara a shekarar, amma har yanzu ita ce mai tsayi.