Gurbi na Huɗu a Ɗakin Mai Wanki

Wata rana, wata Laraba da hadari ya haɗo tun kafin la'asar, Malam Sabi'u ya tafi karɓo wankinsa da kansa.

Ba halinsa ba ne. Shekara goma sha ɗaya Baba Ilu yana yi masa wanki da guga, kuma kullum tsohon ne ke ɗauro kayan a bayan keke ya kawo har ƙofar gida. Wannan karon kwana biyar, shiru.

Malam Sabi'u hedimasta ne a wata firamare, shekararsa arba'in da takwas. Duk garin an san shi da farin kaya. In ya fito da safe sai ka ɗauka Juma'a ce.

Amma wata bakwai ke nan yana ɓoye wani abu.

Jini yake gani in ya shiga bayi.

Da farko ɗan ɗigo ne, ja. Ya kai maganar majalisarsu ta ƙofar shagon Lawandi, abokinsa na ƙuruciya mai sayar da kayan babur. Ko a nan ma bai ce shi ba ne. Cewa ya yi wani ne ya tambaye shi.

Lawandi ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce basir ne, wane namiji ne ba shi da basir? Shi kansa ya kusa shekara yana gani. Ya jawo jarka daga ƙarƙashin benci, ya tsiyaya masa jiƙo a kofi.

Kun san mazanmu. Babur ɗinsa ya ɗiga baƙin mai sau ɗaya, ya garzaya wurin bakanike. Jikinsa ya yi wata bakwai yana ɗigar jini, sai ya ce zafi ne.

Sai Malam Sabi'u ya ƙirƙiro dabara. Kafin ya jefa wando cikin kayan wanki, yakan kulle bayi ya wanke gindin wandon da sabulun wanka, don kada ko matarsa ta gani. Da abin ya ƙi tsayawa, ya ajiye fararen kaya ya koma ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu.

Mutane suka ce hedimasta ya canza salo.

Wurin Baba Ilu yana can ƙarshen gari, bayan tsohuwar rijiya, ƙarƙashin wata tsamiya. Da Malam Sabi'u ya isa, babu kowa a waje. Ko kukan tsuntsu babu. Sai riguna a kan igiya, iska ta cika su suna kaɗa hannuwa kamar mutane marasa kai.

Ya yi sallama sau biyu.

A ta ukun aka amsa daga ciki.

Ɗakin duhu, sai jan gawayi a cikin dutsen guga. Baba Ilu yana zaune a ƙasa, bai ɗago ba. A jikin bango akwai wani dogon katako, a kansa ƙullin kaya guda uku, kowanne an naɗe shi cikin farin ƙyalle, an jera su tsaf. Babu ko ƙura a kansu.

Kusa da na ukun, ga kayansa. An goge, an ninke, an jera daidai da sauran. Farin ƙyallen ne kawai ba a rufa ba.

Malam Sabi'u ya juyo wurin tsohon.

"Baba, ga kayana can a goge. Me ya hana a kawo?"

"Ba mantuwa na yi ba, Malam. So nake ka zo ka ga inda na ajiye su."

"Waɗannan ukun na su waye?"

"Na waɗanda suka riga ka."

Tsohon ya ajiye dutsen guga. Ya nuna na farko ya ce Alhaji Mudi direban tirela. Na biyu Tukur mai awo. Na uku wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi zama a unguwar. Duk sun rasu sun bar wanki a hannunsa. Da ya kai wa iyalansu, suka ce ya riƙe sadaka. Ya kasa sawa, ya kasa bayarwa.

"Hanya ɗaya suka bi," in ji shi. "Sai wando ya fara zuwa mini gindinsa a jiƙe, yana ƙamshin sabulun da ba nawa ba. Sai fararen kaya su daina zuwa. Sai tabon ya tashi daga ja ya koma duhu. Daga nan sai tazuge."

"Tazuge kuma?"

"Inda mutum ke ƙulla tazugen wandonsa yana barin shaida. In ya fara ramewa, shaidar sai ta matsa. Taka ta matsa yatsa huɗu daga azumi zuwa yau."

Malam Sabi'u ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Kunya ta fara zuwa, fushi ya biyo ta.

"Basir ne kawai, Baba."

"Haka su ukun suka ce wa iyalansu."

Aka yi tsawa a waje. Baba Ilu ya ɗago a karon farko ya dube shi.

"Ni ba likita ba ne, wanki na iya. Wanda ya koya mini sana'ar nan ya ce abin da na gani a kayan mutum kada ya wuce bakina. Sau uku na bi maganarsa. Kullum da safe su nake fara gani. Ka yi haƙuri, Malam, ba zan iya rufa wa naka ƙyalle ba."

Malam Sabi'u ya ɗebi kayansa ya fita ko sallama babu. Ruwa ya dake shi har gida. Yana shiga ɗaki ya zaro wani tsohon farin wando daga ƙasan akwati, ya sa, ya ƙulla tazugen a tsohuwar shaidarsa.

Wandon ya zame ya faɗi ƙasa.

A nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Washegari bai je makaranta ba, asibiti ya tafi. Likita ya yi ta tambaya. Jinin ja ne ko baƙi? A saman bayan gida yake ko a gauraye? Tun yaushe? Yanayin bayan gidan ya canza? Yana yawan gajiya? Akwai wanda ya yi irin wannan a dangi?

A tambayar ƙarshe ya tuna ƙanen babansa, wanda har yau a gidansu ake cewa basir ne ya cinye shi.

Aka tura shi babban asibiti. Aka leƙa hanjinsa da wata siririyar na'ura mai kyamara. Aka ga ƙari a babban hanji. Ciwon daji ne, amma bai kai ga yaɗuwa ba. Aka yi tiyata aka cire.

Likitan ya ce da ya ƙara wasu watanni yana shan jiƙo, da maganar da za su yi daban ce.

Da labarin ya ƙare a nan, da na fi kowa murna.

Malam Sabi'u ya dawo gida, 'yan dubiya suka cika falo. Kowa ya tambaya, sai ya ce aikin ƙaba aka yi masa. Hedimasta guda, ya buɗi baki ya ce ta dubura aka duba shi? Ina.

Lawandi ma ya zo da ledar lemo. Ya zauna a bakin gado cikin riga koriya mai duhu, wuyansa ya yi tsawo. Ya rage murya ya tambaya, wancan abin fa, ya tsaya?

Malam Sabi'u ya ga rigar. Ya ga wuyan. Ya dubi mutanen da ke falo.

Ya ce ya tsaya.

Lawandi ya yi murmushi ya ce ai ya faɗa masa, jiƙon nan yana aiki.

Bayan wata biyar, da ƙarfi ya dawo, Malam Sabi'u ya sa farar shaddarsa ya tafi yi wa Baba Ilu godiya. Rana tsaka ce, amma ɗakin yana nan da duhunsa.

Idonsa ya tafi kan katakon kafin ya gaisa.

Ƙulli uku suna nan.

Gurbi na huɗu kuwa an cike shi.

Koriyar riga ce a sama, da ɗan tabon baƙin mai a bakin aljihu, irin wanda ba ya fita.

"Sati uku bai zo ya karɓa ba," in ji Baba Ilu. "An ce ya tafi ƙauyensu neman magani. Na gaya masa yadda na gaya maka. Ya ce in tsaya a wankina, ai hedimasta ma jiƙo ne ya warkar da shi."

Malam Sabi'u ya gane rigar Lawandi. Ya ɗauki kayan ya rungume, ya nufi tasha.

A ƙauyen ya tarar da Lawandi a kan tabarma, ya zama rabin mutum. A gaban matansa da 'yan'uwansa Malam Sabi'u ya ɗaga farar rigarsa, ya nuna ɗinkin da ke cikinsa, ya faɗi sunan ciwon da bakinsa.

A ranar suka ɗauko shi.

Yanzu haka Lawandi yana kwance a babban asibiti. Nasa ya riga ya taɓa hanta. Likitoci suna iya ƙoƙarinsu. Ɗaya daga cikinsu ya ce da an kawo shi wata biyar ko shida baya, da abin ya zo da sauƙi.

Malam Sabi'u bai buƙaci ya ƙirga ba. Ya san ranar. Ya san har ledar lemon.

Darasi:

Jini ta dubura ba shi da suna sai likita ya duba. Sau da yawa basir ɗin ne, ko 'yar tsagewa, kuma suna da magani. Amma daga kan benci babu mai iya bambancewa.

In ka gani ya sake dawowa, ko ya wuce 'yan kwanaki, je asibiti. In jinin ya yi duhu, ko ya gauraya da bayan gida, ko bayan gidan ya koma baƙi kamar kwalta, kada ka jira. Haka in kana ramewa ba dalili, ko gajiya ta yi yawa, ko bayan gidanka ya canza ya ƙi komawa daidai, balle in ka haura arba'in ko an taɓa yin irin ciwon a danginku. In kuwa jinin yana zuba da yawa har jiri na ɗibarka, wannan na yanzu-yanzu ne. Mace ko namiji, duk ɗaya.

In kuma Allah ya sa ka tsira, kada ka ce ƙaba ce. Akwai mai sauraronka da ke ɓoye irin naka.

Tura wannan ga majalisarku, da zauren 'yan gidanku, da wannan abokin da kwana biyu ya daina sa farin kaya.