Nicolasa Asprilla, Mai Waƙar Rakiyar Mamata

An haifi Nicolasa Asprilla Lemos a shekarar 1958 a ƙauyen Aguaclara, bakin kogin Baudó, ƙasar Kolombiya. Mahaifinta Eleuterio masassaƙin kwalekwale ne, mahaifiyarta Baldomera kuwa ungozoma.

Karatu da aiki

Aji uku kawai ta yi a makaranta, sannan aka cire ta domin aikin gonar ayaba. A wajen kakarta ta haddace waƙoƙi sittin na alabao, waɗanda ake rera wa mamaci kafin a binne shi, kuma daga 1979 ita ce ke jagorantar waƙar a kowace jana'iza ta yankin.

Aure da iyali

Ta auri masunci Ceferino Ibargüen a 1980. Bayan rasuwarsa a 1996, ita kaɗai ta riƙe 'ya'yansu huɗu, ba ta cire ko ɗaya daga makaranta ba.

Jinya

A 2018 gefen cikinta na hagu ya kumbura. Da yake babu baligin da zazzaɓin sauro bai taɓa kumbura wa saifa ba a bakin wannan kogi, kowa ya ce tsohon zazzaɓi ne, ita ma ta yi wata bakwai tana shan jiƙon saiwoyi. A watan Maris na 2019 ta yi aman jini, aka kai ta asibiti a Quibdó. Binciken likitoci ya tabbatar da ciwon daji ne na tumbi, ya yaɗu har jini ya daskare ya toshe jijiyar saifarta.

Bisa al'ada, babban ɗanta Wilfrido ya roƙi likita ya ɓoye mata. Autarta Ledis, malamar makaranta, ta ƙi amincewa, domin a lokacin babu wani mai rai da ya san waƙoƙin nan duka sai mahaifiyarsu. Ledis ce ta shaida mata gaskiya.

Nicolasa ta dubi ɗanta ta ce, “Kai Wilfrido, ni da na raka mutum ɗari uku kabari za ka ɓoye wa mutuwa? Tafi ka nemo jirgin ruwa. Ke kuma malama, ɗauko littafinki, mu ga amfanin bokon naki.”

Ta koma gida. Wata huɗu tana kwance a kan gefen dama, tana rerawa Ledis tana rubutawa, idan Ledis ta kuskure amo uwar ta sa ta maimaita. Sun kai waƙa ta arba'in da bakwai muryar Nicolasa ta ɗauke.

Rasuwa

Ta rasu ranar 2 ga Agusta, 2019, tana da shekara sittin da ɗaya. An binne ta a Aguaclara, kuma an rera mata arba'in da bakwai ɗin cif. Sauran sha ukun sun tafi tare da ita.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Wilfrido, Yirleza, Dominga, da Ledis, wadda ita ake aika wa jirgi yanzu idan an yi rashi a bakin kogin.